Faransis na Asisi: shi ya gyara Ikilisiya, ko Ikilisiya ce ta yi masa gini a ka ta ci gaba da harkarta?

Ishaya_Teloli
Salama a gare ku 'yan'uwa. Jiya 4 ga Oktoba aka yi idin Waliyyi Faransis na Asisi, wani gari a Italiya, Fada ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kansa. Ya ce Yesu ya yi wa Faransis magana daga gicciye a wata tsohuwar majami'a, San Damiyano, ya ce ya je ya gyara gidansa da ke rushewa, ya kuma gyara. Ana gama wa'azi aka shiga sanarwa: kuɗin gini, kuɗin godiyar kaka, kuɗin sabuwar mota, kowace zumunta da abin da aka yanka mata. Na dawo gida abin yana cina. Mutumin da ya hana mabiyansa ko taɓa kuɗi da hannu, ya rasu a kwance a ƙasa a 1226, shekara biyu kacal aka aza tubalin wata ƙatuwar majami'a mai hawa biyu domin kabarinsa. To ina gyaran? Ni a ganina Faransis ya gyara kansa ne, Ikilisiya kuwa ta karɓi sunansa ta ajiye koyarwarsa a gefe. Wanda ya san abin da ban sani ba ya faɗa mini, da gaske nake tambaya.

Katikis_Bulus
Ɗana Ishaya, tambayarka mai kyau ce, amma ka yi saurin yanke hukunci. Ka fara duba zamanin da ya tashi. Bishop-bishop na lokacin sarakuna ne masu gonaki da dakaru, ana sayen muƙamin coci da kuɗi, talaka a ƙauye yakan yi wata da watanni bai ji wa'azi da harshen da yake fahimta ba. Sai ga ɗan attajiri, mahaifinsa Piyetro Barnadone babban falke ne mai fataucin yadi zuwa Faransa. Yaro ne ɗan gata, mai son sutura da shagali, ya je yaƙi tsakanin Asisi da Perujiya a 1202 aka kama shi ya yi kusan shekara a tsare. Bayan ya ji muryar nan ya kwashi yadin mahaifinsa ya kai kasuwar Folinyo ya sayar, har da dokin da ya hau, ya kawo kuɗin wa limamin San Damiyano. Limamin ya ƙi karɓa. Uban ya kai ƙara gaban Bishop Gwido. A nan, a gaban jama'a, ya tuɓe kayan jikinsa kaf ya ninke ya ajiye a gaban uban, ya ce daga yau Ubansa shi ne na sama. Bishop ya yafa masa mayafinsa. A cikin shekara goma sha kaɗan mabiyansa sun kai dubbai, suna yawo ba takalmi suna wa'azi a kasuwa da harshen gari. Idan wannan ba gyara ba ne, ban san me za a kira shi ba.

Ladi_MaiWaina
Baba Katikis ni kam wurin uban nake tsayawa kullum in aka ba da labarin nan. Mutum ya yi fatauci ya tara, ɗansa ya kwashe ya sayar, sannan ya tsinka shi a bainar jama'a. Ina umarnin girmama uwa da uba? Da ɗana ne da ban san yadda zan yi ba.

Katikis_Bulus
Mama Ladi gaskiyarki, abin da ciwo. Kuɗin dai an mayar wa uban, Bishop ne ma ya ce a mayar, don ba a gina gidan Allah da abin da aka ɗauka ba da izini ba. Amma zafin rabuwar ba wanda zai ce babu shi.

Malam_Tarihi
Ina gaisuwa. Ishaya, abin da ka hango masana sun daɗe suna gardama a kai, kuma hujjojinka sun fi abin da ka kawo yawa. Bari in ƙara maka, sannan in rage maka.

Tun Faransis yana da rai abin ya fara kuɓuce masa. A 1220 ya sauka daga shugabancin ƙungiyar da ya kafa, ya miƙa wa Bitrus Katani, bayansa Iliya ya karɓa. Dokar da ya rubuta a 1221 ba ta samu hatimin Roma ba, sai wadda aka taƙaita aka yi mata gyaran lauyoyi, Paparoma Honoriyus na Uku ya amince da ita a 1223. Da ajali ya matso ya bar wasiyya, ya ce kada kowa ya yi wa dokar sharhi, kada a nemi takardar alfarma daga fadar Roma. A 1230 Paparoma Giregori na Tara, wanda abokinsa ne na ƙut da ƙut tun yana kadinal, kuma shi ya ayyana shi waliyyi a 1228, ya fitar da hukunci cewa wasiyyar ba ta zama dole a kan 'yan'uwan ba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Waɗanda suka kafe a kan talauci tsantsa suka zama 'yan tawaye a cikin gidansu. A 1318 an ƙone huɗu daga cikinsu a Marsai ta Faransa. A 1323 Paparoma Yohanna na 22 ya ce duk mai nacewa cewa Yesu da manzanni ba su mallaki komai ba ya yi bidi'a a koyarwa.

Inda zan rage maka shi ne nan: duk bayan wani lokaci sai wasu su tashi daga cikin ƙungiyar su ce mu koma yadda Faransis ya yi. Haka aka samu masu tsananta bin doka har Paparoma Liyo na Goma ya raba ƙungiyar biyu a 1517, haka 'yan Kafucin suka fito a 1528. Wutar ba ta mutu ba, toka ce ke rufe ta, iska na tasowa ta sake kamawa.

Ishaya_Teloli
Malam na gode, amma ka ga ai ka ƙara mini ƙarfi ne. An ƙone mutane don sun riƙe abin da mai gidan ya ce a riƙe!

Bro_Yakubu77
Ni ba ɗan Katolika ba ne, ku yi mini haƙuri in sa baki. Shekara talatin da wani abu kafin Faransis akwai wani attajiri a Liyon, Waldo, shi ma ya rabar da dukiyarsa, ya sa aka juya masa Bishara zuwa harshen garinsu, ya fita wa'azi. Ya je Roma a 1179, aka yaba talaucinsa amma aka ce kada ya yi wa'azi sai da izinin limamai. Ya ci gaba, a 1184 aka kore shi da mutanensa. Abu ɗaya suka yi da Faransis. Ɗaya ya zama waliyyi, ɗaya ya zama ɗan bidi'a. Bambancin kawai Faransis ya durƙusa. Shi ya sa mu muke cewa gyara na gaskiya sai da Martin Luta, jagoran Furotesta, ya zo a 1517, don shi koyarwa ya taɓa, ba sutura ba.

Sista_Rahila
Ɗan'uwa Yakubu, durƙuson nan da kake gani kamar rauni, shi ne zuciyar al'amarin. Faransis bai ko zama Fada ba, a dikin ya tsaya, muƙamin da ke ƙasa da Fada. A wasiyyarsa ya ce ko da limamai matalauta ya tarar, ba zai yi wa'azi a yankinsu ba in ba su yarda ba. Ba tsoro ba ne, mutumin da ya rungumi kuturu ya ratsa fagen yaƙi ba matsoraci ba ne. Ya zaɓi kada ya zagi kowa, ya bar rayuwarsa ta zama abin kunya ga mai kunya. Da ya je gaban Paparoma Inosan na Uku a 1209 da 'yan'uwa kamar goma sha biyu cikin tsumma, ba takardar ƙorafi ya kai ba, izini ya roƙa ya bi Bishara yadda take. Wane ne zai iya cewa a'a ba tare da ya ce Bishara ba ta biyuwa ba?

Bro_Yakubu77
Na ji Sista. Amma kunya ba ta canza doka. Bayan shekara ɗari uku ai ana nan ana sayar da takardar gafara.

Abu_Sumayya
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, maƙwabcina ya sa ni a zauren nan. Sunan mutumin nan na fara jinsa a 2019 lokacin da Paparoma Faransis da Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi, aka ce shekara 800 ke nan da haɗuwar Faransis da Sarkin Masar. Don Allah me ya faru a haɗuwar? Sulhu ya je nema ko musuluntar da shi aka so yi, ko shi ya je ya mai da Sarki Kirista?

Malam_Tarihi
Wa alaikumus salam Malam Abu Sumayya. A 1219 ne, rundunar 'yan Salibiyya ta yi wa birnin Dimyat ƙawanya a bakin Nilu. Sarkin shi ne Al-Malik al-Kamil, ɗan ƙanen Salahuddin. Faransis da wani ɗan'uwa guda suka ƙetara zuwa sansanin Musulmi ba makami. Gaskiyar magana wa'azi ya je yi, yana so Sarki ya karɓi Almasihu, kuma ya san zai iya rasa ransa. Sarki ya saurare shi na 'yan kwanaki, bai karɓa ba, bai kuma taɓa shi ba, ya sa aka raka shi lafiya. Labarin daga marubutan Kirista ya zo mana, ciki har da Bishop na Akka wanda yake sansanin a lokacin. Zancen cewa ya ce a hura wuta su shiga shi da malamai, wannan sai bayan shekara arba'in ya bayyana a rubuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya rubuta bayan ya dawo. A dokar 1221 ya ce ɗan'uwan da zai zauna cikin Musulmi kada ya yi jayayya ko faɗa, ya yi biyayya ga kowane ɗan Adam saboda Allah, ya kuma shaida cewa shi Kirista ne. Wa'azi sai in ya ga Allah ya buɗe ƙofa. A zamanin da ake tara runduna, wannan magana ba ƙarama ba ce. Amma sashen nan bai shiga dokar 1223 yadda yake ba.

Abu_Sumayya
Na gode Malam. Shi ma Al-Kamil ya kamata a riƙa faɗin nasa. Ya yi tayin ba 'yan Salibiyya Ƙudus su bar Masar, wakilin Paparoma ya ƙi. Da ruwan Nilu ya ci rundunarsu a 1221 suka miƙa wuya, shi ya riƙa aika musu burodi. In ana ba da labarin, a ba da na mutum biyu.

Katikis_Bulus
Wannan haka yake Malam, Allah ya saka da alheri.

Dan_Damagaram
Kada a yi wa labarin kwalliya da yawa dai. A 1220 an kashe mabiyan Faransis biyar a Marakish ta Maroko, don sun tsaya suna wa'azi a fili ana hana su suna komawa. Daga baya ma akwai 'yan ƙungiyarsa da suka zama alƙalan binciken bidi'a, akwai Yohanna na Kapistarano da ya ja runduna a Belgired a 1456. Gida ɗaya ne ya fitar da su duka.

Ladi_MaiWaina
Ni tambayata daban ce. An ce Faransis da mabiyansa bara suke yi. Mu nan kullum ana faɗa a kan bara, a coci ma ana cewa wanda bai yi aiki ba kada ya ci. Ƙato lafiyayye ya bar shagon ubansa ya ɗauki ƙwarya, me ya bambanta shi da wanda muke kora a ƙofar gida?

Sista_Rahila
Mama, aiki ne farko. A wasiyyarsa ya ce shi da hannunsa yake aiki, yana so kowane ɗan'uwa ya yi sana'a, wanda bai iya ba ya koya. In an hana su ladan aikinsu, sannan su bi ƙofa ƙofa. 'Yan'uwan farko ƙwadago suke yi a gonakin mutane, suna jinya a gidajen kutare, a biya su da abinci. Kuɗi ne ba sa karɓa. Kuma manya ne da suka zaɓa da kansu, ba yara aka tura ba.

Ki bar ni in ƙara da Kilara, 'yar garinsu Faransis, don kullum mantawa ake da ita. Tana da shekara 18 ta gudu daga gidan sarauta a 1212 ta bi wannan hanya. Ta yi shekara arba'in a San Damiyano tana ja da Paparoma bayan Paparoma, su suna cewa ta karɓi gonaki don 'yan'uwanta mata su samu abin dogaro, ita tana cewa a'a. An amince da dokar da ta rubuta a Agusta 1253, kwana biyu kafin ta rasu. Ishaya, in kana neman wanda ya riƙe wasiyyar bai saki ba, ga ta nan.

MamanGodiya
Ni ban yi karatu irin naku ba, amma zancen kutare ya tuna mini da mahaifiyata, Allah ya ba ta hutawa. Muna yara akwai wata kuturwa da ke zama a gindin dalbejiya a ƙofar coci, yatsunta duk sun gutsure. Kowa jefa mata kwabo yake yi daga nesa. Mama kuwa in an tashi sai ta shimfiɗa gefen zaninta ta zauna, ta buɗe kwanon tuwo, ta gutsura ta tsoma a miya ta sa mata a tafin hannu, su ci suna hira a kan jikoki. Mu muna tsaye can muna jin kunya kada 'yan ajinmu su gani. Mama 'yar ƙungiyar Faransis ce ta masu aure, tana ɗaura wata 'yar igiya mai ƙulli a ƙarƙashin zaninta, da ita aka binne ta. Ba ta san wani Paparoma Giregori ba. Abin da ta sani shi ne Faransis ya ce da ganin kutare yana masa ɗaci, da ya shiga cikinsu ɗacin ya koma zaƙi. Ishaya ƙanena, ko wannan kaɗai ya bari, ya iso har ƙauyenmu bayan shekara ɗari bakwai da wani abu.

Ishaya_Teloli
Yaya, wannan ya taɓa ni ƙwarai. Allah ya jiƙan Mama. Bari in faɗi abin da ya sa na kawo maganar tun farko. Bara waccan kawuna ya rasu, manomi ne, shekara talatin yana share coci ranar Asabar. Da muka je a sa ranar jana'iza aka buɗe littafi aka ce akwai bashin kuɗin gini na shekara uku a kansa, sai an biya. Gawa tana ɗakin ajiya kuɗi na hawa, muna bin dangi muna haɗa kuɗi. Ba zan faɗi wace majami'a ba ce, amma hoton Faransis na rataye a ofishin da aka buɗe littafin, da tsuntsaye a kafaɗarsa. Tun ranar nake tambayar nan.

Katikis_Bulus
Kai! Ɗana, wannan ba daidai ba ne, ko a gaban wa zan faɗa. Ba dokar Ikilisiya ba ce a hana matalauci jana'iza saboda kuɗi, dokar ma cewa ta yi kada a hana mabukaci. Ni kaina na riƙe irin littafin nan shekaru, na san yadda kwamiti ke matsawa in gini ya tsaya. Ka yafe mana.

Joel_Abuja
A yi adalci kuma. Ba kuɗi ba a yin rufin coci, ba a biyan malaman makaranta, ba a sayen maganin asibitin mishan. Su kansu 'yan Faransis da suka yi yawa dole suka nemi gidaje da littattafai. Su ne ma suka kafa asusun ba talakawa rance da jingina ba tare da riba mai nauyi ba, na farko a Perujiya a 1462. Wanda ya fara buga bayanin lissafin shiga da fita na 'yan kasuwa a 1494, Luka Pacioli, ɗan ƙungiyar ne. Mutum goma sha biyu za su iya kwana a rumfa, mutum dubu talatin ba za su iya ba.

Bro_Yakubu77
Abin da Ishaya ya faɗa ba na Katolika kaɗai ba ne, mu ma muna da shi, har ya fi. Na janye rabin maganata ta ɗazu.

Hauwa_Poly
Tambaya: addu'ar nan da muke rerawa, "Ubangiji ka mai da ni kayan aikin salamarka", Faransis ne ya rubuta?

Malam_Tarihi
A'a Hauwa. A 1912 ta fara fitowa a wata 'yar mujalla a Faransa, ba sunan kowa, daga baya aka jingina masa. Wadda tabbas tasa ce ita ce waƙar yabon halitta, inda yake kiran rana ɗan'uwa, wata da ruwa 'yan'uwa mata. Ya yi ta yana ciwon ido, kusan makaho, bayan tabon gicciye, wato raunuka irin na Yesu, da aka ce ya fito masa a dutsen La Berna a 1224. Daga ita Paparoma Faransis ya ɗauko sunan wasiƙarsa a kan muhalli a 2015. Kwaikwayon haihuwar Yesu da komin dabbobi da muke yi a Kirsimeti ma ana danganta yaɗuwarsa da abin da ya yi a Girecciyo a 1223, da sa da jaki na gaske.

Tunda Dan_Damagaram yana nan, ga wani abu da ya shafe mu. A 1710 wasu Fada biyu 'yan ƙungiyar Faransis, Karlo Mariya na Jenowa da Seberino, sun taso daga Tarabulus suna neman Barno da Kwararrafa, don sun ji labarin akwai masu alamar gicciye a can. Suka bi ta Murzuƙ da Agadas, suka iso Katsina, ciwo ya kama su suka rasu a 1711.

Dan_Damagaram
Ikon Allah. Hanyar ayarin da kakanninmu suka bi ke nan. Ban taɓa jin wannan ba.

Joel_Abuja
Mu koma kan tambaya. Sai da aka yi kusan shekara 800 kafin wani Paparoma ya ɗauki sunan Faransis, a 2013, kuma ba ɗan ƙungiyarsa ba ne, ɗan wata ƙungiya ne daban, Jezuwit. Ya ce Kadinal Hummes ne ya raɗa masa kada ya manta da matalauta. Ya ƙi zama a fadar da magabatansa suka zauna, ya wanke ƙafafun fursunoni. Ishaya zai ce wannan ma mutum ɗaya ne ya gyara kansa. Ni kuma ina ganin sunan yana nan yana cizon masu mulki, shi ya sa ba a iya binne shi.

Ishaya_Teloli
Haka zan ce kuwa Yaya Joel. Na karanta cewa 'yar majami'ar da Faransis na Asisi ya fi so, Porziyunkola, wadda ya rasu a gefenta, tana nan har yau, amma an gina wata ƙatuwa an rufe ta a ciki, sai ka shiga babbar kafin ka ga ƙaramar. Har yanzu ban gane ko kare ta aka yi ko haɗiye ta ba. Labarin mahaifiyar Yaya MamanGodiya ya sa na sassauta, amma littafin bashin nan yana nan a kan tebur.

Sista_Rahila
Da ba a rufe ta ba, da ruwa da iska sun cinye ta tuntuni. Ni haka nake kallonsa.

Bro_Yakubu77
Su Waldo ba wanda ya gina musu komai, an kore su zuwa duwatsu, kuma cocinsu na nan a Italiya har gobe, Sista.

Katikis_Bulus
Ishaya, ka turo mini saƙo ta gefe. Kwamitin majami'arku na zama ne Lahadin farko ko ta ƙarshe? Ina so in zo mu shiga tare, ka faɗi labarin kawunka da bakinka a gaban Fada, ni kuma in kawo dokar a rubuce. Ka nemo mini ko akwai wasu iyalan da aka yi wa haka, ko biyu ne, su zo.

Ishaya_Teloli
Ta ƙarshe ce Baba. Na san gida uku. Zan je wurinsu gobe in na rufe shago.